DARASIN WANNAN WATA: Tuƙin Mota Cikin Yashi Da Taɓo

Duk mai zaune a ƙauyukan arewacin Jihar Kano ya san wannan matsala. Da rani mota takan kafe a yashi. Da damina takan kafe a taɓo. Wata rana buhunan taki ne a cikinta, ga shuka tana jira a gona. Wata rana hatsi ne za a kai kasuwar Dambatta ta ran Lahadi. Wata rana kuma mace ce mai naƙuda ake hanzarin kai ta asibiti. Awa biyu da aka ɓata wajen turin mota suna iya jawo asarar dukiya, har ma da ta rai.

Darasin wannan wata zai bayyana yadda ake bi da mota cikin yashi da taɓo, da yadda ake fitar da ita idan ta kafe. Darasin na direba ne da yaron mota. Amma manomi da samarin gari su ma suna da rabo a ciki, domin su ake kira turi, kuma ta bakin gonakinsu motar take bi.

1. ƘASAR DA MOTA KE BI

Ƙasar Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi da Tsanyawa da Minjibir yawancinta jigawa ce. Jigawa ita ce ƙasa mai yashi, wadda gero da gyaɗa da wake suke so. A bakin koguna kuma akwai fadama mai baƙar laka. Manyan kogunan wannan yanki su ne Tomas da Gari da Watari da Jakara, kuma kowannensu an yi masa madatsar ruwa. Ban da su akwai ƙananan rafuka masu yawa. Da rani rafin yashi ne zalla. Da damina, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi yawa, yakan cika cikin ɗan lokaci.

Wannan yanki yana da yawan jama'a. Gona tana jikin gona, kuma kowace shekara ana noma ta. Saboda haka babu wani fili da mota za ta kauce ta bi. Sau da yawa hanyar shiga ƙauye burtali ce, tsakanin shinge biyu. Iska da ruwan sama sukan tara yashi a cikin burtali, kofatan dabbobi kuma su tattake shi ya yi laushi. Shi ya sa burtali yakan fi gonar da ke kusa da shi zurfin yashi.

Titin Kano zuwa Daura ya bi ta Dambatta da Kazaure. Titin Kano zuwa Katsina ya bi ta Bichi da Tsanyawa. Waɗannan na kwalta ne. Hukumar KNARDA ta Jihar Kano, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1980, da Hukumar DFRRI ta Gwamnatin Tarayya, wadda aka kafa a 1986, sun yi hanyoyin burji a karkara. Duk da haka, mai shiga ƙauyuka na ciki sai ya haɗu da yashi ko taɓo.

2. MOTA MAI JA DA ƘAFA HUƊU

A yawancin motoci, inji ƙafa biyu kawai yake juyawa. Sauran biyun bi kawai suke yi. A-kori-kura ƙirar Peugeot, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, da ƙafafun baya take ja. Idan waɗannan biyun suka rasa abin kamawa, motar ta tsaya ke nan.

Amma akwai motocin da inji yake iya juya ƙafafunsu duka huɗu. Sojojin Amurka sun yi amfani da irinsu a Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga 1941. Ita ce ake kira jif. A 1948 aka fara ƙera Land Rover a Ingila. Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya sa wa tasa suna Land Cruiser a 1954. Hilux ta fito a 1968, kuma a 1979 aka fara yin mai ja da ƙafa huɗu.

Irin wannan mota tana da ƙaramin akwatin giya na biyu a bayan babban. Daga nan farfela ɗaya ta tafi ƙafafun baya, ɗaya ta tafi na gaba. Kusa da sandar giya akwai gajeriyar sanda ta biyu. A sababbin motoci maɓalli ne ake murɗawa. Ga abin da aka rubuta a jikinta:

2H: ƙafafun baya ne kaɗai suke ja. Wannan na kwalta ne da busasshen burji.

4H: ƙafafu huɗu suna ja, mota tana iya ɗan gudu. Wannan na yashi marar zurfi ne da hanya mai santsi.

4L: ƙafafu huɗu suna ja, tafiya a hankali, ƙarfi mai yawa. Wannan na yashi mai zurfi ne da taɓo da hawan gaɓar rafi. Sai an tsayar da mota cik kafin a sa 4L.

A tsofaffin Hilux da Land Cruiser akwai wata murfiya a tsakiyar kowace ƙafar gaba. An rubuta FREE da LOCK a jikinta. Dole a sauka a murɗa duka biyun zuwa LOCK. In ba a yi haka ba, ko an sa 4L ƙafafun gaba ba za su ja ba. A tsohuwar Land Rover kuwa, sanda mai rawayan kai ake dannawa ƙasa don ƙafafu huɗu su ja. Sanda mai jan kai ake jawowa baya don samun ƙaramar giya mai ƙarfi.

Direba ya riƙe abu biyu. Na farko, a sa giyar ƙafa huɗu tun kafin a shiga mugun wuri. Bayan mota ta nutse, amfaninta ya ragu. Na biyu, motar da take da 2H, a mayar da ita 2H da zarar an hau kwalta. Tafiya da 4H ko 4L a kan kwalta tana murɗe ƙarafan ƙarƙashi, tana cinye taya.

Kada kuma a ɗauka mota mai ja da ƙafa huɗu ba ta kafewa. Tsakanin ƙafafun baya akwai wani tulun ƙarfe mai giya a ciki, haka ma tsakanin na gaba. Aikinsa shi ne ya bar ƙafa ɗaya ta fi ɗaya sauri a wajen kwana. Amma a taɓo yakan bar ƙafar da ba ta kama komai ba ta yi ta juyawa, ɗayar kuma tana tsaye. Shi ya sa akan ga babbar mota tana watsa taɓo da ƙafa biyu, ba ta motsa ba.

3. SHIRI KAFIN TASHI

Rigakafi ya fi magani. Direban da zai shiga ƙauye ya duba ruwan lagireto da baƙin mai da birki. Ya duba tayoyi. Tayar da zanenta ya cinye ba ta kama taɓo. Sannan ya ɗauki waɗannan kaya:

Shebur ko fartanya.
Jak, da katako mai faɗi da za a ɗora shi a kai.
Dogayen katakai biyu masu kauri.
Igiya mai ƙarfi ta jan mota.
Famfon iska da ma'aunin iska.
Safayar taya mai iska.
Tocila, da jarkar ruwa.

Sai kuma kaya. Nauyi shi ne babban abin da ke nutsar da mota. Buhun takin zamani kilo 50 ne. Buhu 20 kilo 1,000 ke nan, wato tan ɗaya. Wannan shi ne kusan iyakar abin da a-kori-kura irin Hilux take ɗauka, har da nauyin mutanen da ke ciki. Sawu biyu da aka yi lafiya sun fi sawu ɗaya da aka kwana a hanya.

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a shiga hanyar da ba a sani ba, a tambayi mutanen gari da masu babur da masu amalanke. Su ne suka san inda yashi ya taru da inda ruwa ya zaizaye.

4. TUƘI CIKIN YASHI

Raƙumi ya fi jaki nauyi, amma ya fi shi jin daɗin tafiya a yashi. Dalili shi ne tafin ƙafarsa faffaɗa ne, yana baje nauyinsa. Haka taya take. Idan ta cika da iska tam, ɗan wuri kaɗan ne yake taɓa ƙasa, sai ta yanka yashi ta nutse. Idan aka rage iskar, sai ta baje, ta hau kan yashin.

A ma'aunin mai faci, iskar tayar irin waɗannan motoci takan kai 30 zuwa 35, ko fiye idan da kaya. Kafin shiga doguwar hanyar yashi, a rage ta zuwa 20 ko 18. Kada ta gaza 15, domin taya tana iya fita daga ƙarfenta, ko bakin tib ya tsinke. Idan mota tana da kaya masu nauyi, a rage kaɗan kawai. Da ragaggiyar iska ba a gudu, ba a yin kwana da ƙarfi. Da an fito kan burji ko kwalta, a tsaya a mayar da iskar. Gudu da taya marar iska yana sa ta yi zafi ta fashe.

Ga sauran ƙa'idojin yashi:

A zaɓi giya tun daga bakin yashin. A 4L, giya ta biyu ko ta uku ta fi dacewa. Canza giya a tsakiyar yashi yana sa mota ta tsaya, domin da an taka kuloci yashi yake riƙe ta.

A taka totur daidai wa daida. Idan ya yi kaɗan, inji ya mutu. Idan ya yi yawa, taya ta haƙa rami.

A bi sawun motar da ta riga ta wuce, domin ta danne yashin.

Kada a taka birki da ƙarfi. Yana tara yashi a gaban taya. A ɗaga ƙafa daga totur, motar za ta tsaya da kanta.

Idan za a tsaya, a nemi wuri mai tauri, ko a tsaya mota tana fuskantar gangare.

Yashi ya fi tauri da sassafe, da kuma bayan an yi ruwa. Da tsakar rana ya fi laushi. Tafiyar yashi tana wahalar da inji, saboda haka a riƙa duban allurar zafi. Idan ta hau, a tsaya inji ya huce. Kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi. Ruwan yakan yi tsalle ya ƙona fuska da hannu.

5. IDAN MOTA TA KAFE

Da zarar direba ya ji ƙafafu suna juyawa mota ba ta tafiya, ya ɗaga ƙafa daga totur nan take. Nan ne yawancin direbobi suke kuskure. Suna ƙara wuta, taya tana ƙara haƙa, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Motar da ta nutse taƙi ɗaya aikin minti kaɗan ce. Wadda cikinta ya zauna aikin awoyi ce.

Sai a bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya:

Na ɗaya. A gwada komawa da baya a hankali, a kan sawun da aka shigo.

Na biyu. Idan ta ƙi, kowa ya sauka. A duba ko an sa 4L, a duba ko murfiyoyin gaba suna kan LOCK.

Na uku. A sauke kaya. Buhun taki 10 da aka sauke sun rage wa mota kilo 500.

Na huɗu. A kwashe yashi daga gaban kowace taya, ta ɓangaren da za a fita. A yi shi gangare mai sauƙi. A kwashe na ƙarƙashin motar har a hango haske ta ɗaya gefen.

Na biyar. A miƙe sitiyari, ƙafafun gaba su kalli gaba sosai.

Na shida. A cusa katako ko kara ko tsohuwar zana ko rassan itace a ƙarƙashin tayoyi.

Na bakwai. A tashi a hankali, masu turi suna taimakawa. Idan ta fita, kada a tsaya sai an kai wuri mai tauri.

Idan ta nutse sosai, a ɗora jak a kan katako mai faɗi, a ɗaga ƙafa ɗaya, a cike ramin, a sa kara ko katako, a sauke. Haka za a yi wa sauran. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. Jak yakan goce a yashi.

Masu turi su kula. Kada a tsaya daidai bayan tayar da ke juyawa, domin takan harbo katako ko dutse da ƙarfi. A kori yara su koma nesa. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni, kuma ya tsaya inda direba yake ganinsa.

6. TUƘI CIKIN TAƁO

Taɓo iri biyu ne. Akwai na sama-sama mai santsi, wanda ƙarƙashinsa da tauri. Akwai mai zurfi irin na fadama, wanda ke haɗiye ƙafar mota. Ido ba ya bambanta su. Saboda haka a tsaya, yaron mota ya sauka da sanda ya auna zurfin daga farko har ƙarshe. Ya lalubi rami da kututture da dutse.

Tsakanin ƙasa da tulun ƙarfen da ke ƙarƙashin irin waɗannan motoci bai wuce taƙi ɗaya da 'yan kai ba. Idan sawun da tarakta ko babbar mota ta bari ya fi haka zurfi, cikin motar zai zauna a kan tudun tsakiya. A irin wannan wuri a ɗora ƙafafu a kan tudu, ko a cike sawun tukuna. Idan sawun ba shi da zurfi, a bi cikinsa.

A shiga da 4L, giya ta biyu, da tafiya madaidaiciya. Idan mota ta fara rage tafiya, a riƙa ɗan kaɗa sitiyari dama da hagu. Wannan yana sa gefen taya ya sami sabon wurin kamawa. Direba ya ɗora manyan yatsunsa a kan da'irar sitiyari, kada ya zura su ciki. Idan taya ta bugi kututture, sitiyari yakan juya da ƙarfi ya targaɗa yatsa.

A wuri mai santsi birki mai ƙarfi yana sa mota ta juya. A sauka gangare da giya ta ɗaya, a bar inji ya riƙe ta. Kada a bi gefen tudu a karkace, musamman idan an yi lodi sama. A hau shi kai tsaye, a sauka kai tsaye. A kuma nisanci bakin kwazazzabo da bakin kududdufi, domin ruwa yakan ci ƙarƙashinsu, su rufta da nauyin mota.

7. ƘETARE RUWA

Wannan shi ne sashe mafi haɗari. Yashi da taɓo lokaci suke ci, ruwa kuwa rai yake ci. Hukumar kula da yanayi ta Amurka tana gargaɗi cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum. Mai santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota. Mai santimita 60 yana iya tafiya da a-kori-kura da jif. Santimita 60 ya ɗara gwiwar babban mutum kaɗan.

Saboda haka, idan ruwa yana gudu da ƙarfi, ko ya kai gwiwa, kada mota ta shiga. Kada a tura yaro ya auna irin wannan ruwa. Kada a ƙetare da dare idan ba a ganin ƙasan mashigin. Rafukan wannan yanki sukan cika ko da ba a yi ruwa a wurin ba, idan an yi shi a sama. Sau da yawa kuma sukan janye bayan 'yan awoyi. Jira ya fi.

Idan ruwan kwance yake, kuma bai kai gwiwa ba, a auna shi da sanda. Fasinjoji su sauka. A shiga a hankali da 4L, kada a canza giya, kada a tsaya. Idan inji ya mutu a cikin ruwa, kada a sake tayar da shi. Mai yiwuwa ya shaƙi ruwa ta hanyar da yake shaƙar iska. Tayar da shi a haka yana lanƙwasa ƙarafan cikinsa. A jawo motar waje, a kira bakanike.

Bayan an fito, birki yakan jiƙe ya ƙi kamawa. A yi tafiya a hankali ana ɗan taka shi har ya bushe.

8. JAN MOTA DA IGIYA

Idan turi ya gagara, sai a nemi wata mota ko tarakta. A ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi domin ja, wadda ke haɗe da babban ƙarfen ƙarƙashin mota. Kada a ɗaura a bamba, ko a ƙarafan sitiyari, ko a dunƙulen ƙarfen da ake rataya tirela. Idan irin wannan ya ɓalle, yakan tashi kamar harsashi.

A yi haƙa tukuna, don jan ya yi sauƙi. A rataya jiƙaƙƙen buhu a tsakiyar igiyar. Idan ta tsinke, buhun zai kwantar da ita ƙasa. Kowa ya matsa nesa, fiye da tsawon igiyar. Kada kowa ya tsallake igiyar da aka ɗaura. Mai ja ya tafi a hankali har ta miƙe, sannan ya ƙara ƙarfi. Fizgar sarƙa ko wayar ƙarfe tana tsinka ta.

9. HAƘƘIN MAI GONA

Idan burtali ya lalace, wasu direbobi sukan fasa shinge su bi ta cikin gona. Wannan zalunci ne. Ƙafar mota tana karya gero da dawa, tana rushe kunya, tana danne ƙasa. Mota ɗaya in ta bi, gobe goma za su bi sawunta. Sawun kuma yakan zama hanyar ruwa, zaizaya ta fara daga nan. A wurin da gonar magidanci ba ta da yawa, kunya biyar da aka tattake abincin iyali ne.

Shi ma direba yana cutuwa. Gonar da aka yi wa huɗa ta fi hanya laushi. Bayan girbi kuma tushiyar dawa da ƙaya suna huda taya. Busasshen kara da ciyawa sukan maƙale a jikin salansa mai zafi, su kama wuta.

Idan larura ta sa dole a taɓa gona, a nemi izinin mai ita. Idan ba ya nan, a sanar da mai unguwa. Abin da aka ɓata a biya. Karan da aka ɗiba daga shinge ko daga tari na wani ne, a roƙa kafin a ɗauka. Bayan mota ta fita, a cike ramin, a kwashe katako da ƙaya, don mai amalanke da mai keke da za su biyo baya.

Mutanen gari su ma suna da aiki. Kowane ƙauye ya san mugun wurinsa. Kafin ruwa ya sauka, a yi gayya a zuba burji ko duwatsu, a buɗe hanyar da ruwa zai bi. A ajiye shebur da katakai a gidan da ya fi kusa da wurin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidan da ke da mai tsohon ciki ko marar lafiya kuma, su san motar da za a kira da hanyar da za a bi tun kafin ranar ta zo. Idan damina ta yi nisa, a tafi asibiti da wuri.

10. MISALI

A ɗauki misalin direbobi biyu masu mota iri ɗaya, kowanne ya ɗauko mai naƙuda da dare a watan Agusta. Suka iso wani kwari mai taɓo.

Na farko ya ce babu lokacin tsayawa. Ya shiga da gudu, bai murɗa murfiyoyin gaba ba. Motar ta tsaya a tsakiya. Ya yi ta taka totur har cikinta ya zauna. Ba shi da shebur, ba shi da tocila. Sai da aka je gari aka taso mutane.

Na biyu ya tsaya a bakin kwarin. Yaronsa ya sauka da tocila da sanda, ya gano gefen dama ya fi tauri. Direba ya murɗa murfiyoyin zuwa LOCK, ya sa 4L. 'Yan rakiya suka sauka suka taka da ƙafa, aka bar mai naƙuda da mace ɗaya a ciki. Ya wuce a hankali. Duk wannan bai fi minti goma ba.

Dukansu biyu sauri suke yi, amma na biyu ne ya riga isa asibiti. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

11. BAYAN AN ISO

A mayar da sanda 2H, a mayar da murfiyoyi FREE, a cika iskar taya. A wanke taɓon ƙarƙashin mota da na cikin ƙafafu kafin ya bushe. A wanke fuskar lagireto, domin taɓo da ciyawa suna toshe ta. A kakkaɓe matatar iska idan an sha ƙura. A duba baƙin mai da man giya. Idan sun yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a canza su. A sa giris a gaɓoɓin farfela.

SABABBIN KALMOMI

Farfela: dogon ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa ƙafafu.
Totur: abin da ake takawa don ƙara wa inji wuta.
Kuloci: abin da ake takawa kafin a canza giya.
Lagireto: mazubin ruwan da ke sanyaya inji.
Santimita: ma'aunin tsawo. Santimita 100 su ne mita ɗaya.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa ake rage iskar taya kafin shiga yashi?
2. Mene ne bambancin 4H da 4L?
3. Mene ne abu na farko da direba zai yi idan mota ta fara kafewa?
4. Me ya sa ba a sake tayar da injin da ya mutu a cikin ruwa?
5. A ina ya kamata mutane su tsaya idan ana jan mota da igiya?
6. Mota ta ɗauko buhun taki 18, kowanne kilo 50. Aka sauke 8. Kilo nawa ya rage a cikinta?

AIKI

Ɗalibai su rubuta sunayen wurare uku da mota ta fi kafewa a hanyar garinsu. Su rubuta ko yashi ne ko taɓo ko ruwa. Su kai takardar wurin mai unguwa, a tattauna ranar da za a yi gayya. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa direban garinsu wannan darasi.

Allah ya kiyaye hanya, amin.